Haƙarƙari na Goma Sha Biyu

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau yaran sun tashi da wuri. Shayin cittar da na dafa musu yana nan a tukunya, ko rabi ba a sha ba.

Ban yi laifi ba. Ina so in rubuta wannan tun da farko. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a firamare, ban taɓa ganin kuskure a takarda na kau da kai ba. Barandata ce, bencina ne. Da Meshak mai rubuta allunan shaguna ya zo bara yana neman inda za su riƙa haɗuwa duk Asabar su koyi zanen jikin mutum, ban yi masa gardama ba. Ba su da malami. Su bakwai ne, su suke koya wa junansu: wannan mako hannu, wancan mako ƙafa, suna duba waya da wani littafi mai kauri da Khairat take kawowa daga makarantar koyon jinya. Ni nawa dafa shayi ne, da feƙe musu fensir da reza, da zama ina kallo. Tun rasuwar matata Larai babu ranar da gidan nan yake jin muryar mutane sai Asabar.

Tun watan jiya ƙirji suke yi. Khairat ta yi Asabar uku a kan babban kwali ɗaya, da gawayi, tana zana ƙasusuwan ƙirjin namiji. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma na ƙirga haƙarƙarin, na samu goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagu. Na gaya mata cikin hankali cewa na namiji goma sha ɗaya ne a hagu, tun da aka cire ɗaya daga jikin Adamu. Ta ce ba haka ba ne. Na sake faɗa. Ta buɗe littafi. Na ce a rufe.

Sai ta ce, "Baba, in an yanke wa mutum yatsa, ɗansa ai da yatsunsa cif ake haifarsa."

Zamani, ɗaya daga cikin samarin, ya fashe da dariya. Shi komai abin dariya ne.

Jan birona yana aljihu, kullum yana nan. Na gyara abin da ya kamata a gyara. Na kuma faɗi wata magana. Ta naɗe kwalinta ta tafi ba sallama.

Ban yi laifi ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, bayan sujada

Ban ji wa'azin ba. Ina ta kallon hannuwana a kan littafin waƙoƙi.

Mahaifina ya yi aikin haɗa taragai a tashar jirgin ƙasa ta garin nan. Ƙarfe ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama shekara uku kafin a haife ni. Khairat ba ta san wannan ba. Babu yadda za a yi ta sani.

'Yata Bernice ta kira daga Fatakwal, ta ce, "Baba, yaya 'yan zanenka?" Na ce lafiya lau suke. Ta ce in riƙa cin abinci.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Ina neman katin asibiti a akwatin ƙarfe sai na ci karo da babban ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa. Ba shi nake nema ba. Hoton ƙirjina ne da aka ɗauka bara, lokacin tarin da ya kusa tafiya da ni.

Na ɗaga shi a taga. Na sa tabarau. Haƙarƙarin ƙasa ba su fito sosai ba, don haka na ƙirga sau huɗu, ina bi da gindin fensir. Kowane na dama yana da ɗan'uwansa a hagu. Babu gurbi. Babu inda aka cire komai.

Malam Levi ne ya koya mana zancen goma sha ɗayan nan a Fadan Kagoma, ina ɗan shekara tara. Mutum ne mai tsoron Ubangiji, bai taɓa yi mana ƙarya da saninsa ba. Shi ma wani ne ya gaya masa. Labarin da ake karanta mana a sujada bai ce 'ya'yan Adamu sun gaji gurbin ba. Mu ne muka ƙara.

Na tura ambulan ƙarƙashin matashin kujera. Na dama koko, ban sha ba.

Talata, 9 ga Yuli, da rana

An yi ruwa. Ban fita ba.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Alhaji Jamiluddeen, mahaifin Khairat, ya zo bayan la'asar. Ni Jamilu na sani, ɗan gajeren nan na benci na biyu a aji shida. Yanzu ga furfura, ga shagon yadi a kasuwa. Ya cire takalmi tun daga bakin baranda, ya durƙusa. Da ƙyar na sa shi ya hau kujera. Kujerar da ya hau ita ce mai matashin.

Ya ce, "Malam, haƙuri na zo bayarwa. Yarinyar nan ta zubar mini da mutunci. Ta dawo tana kuka, wai ka ɓata mata zane. Na ce me ya haɗa ku? Da ta faɗa, wallahi sai da na riƙe kai. Na ce ke, Malam Obadiah za ki yi wa musu a kan haƙarƙari?"

Na ce ya sha ruwa.

Ya ce, "Ni da idona na ga ƙwarangwal ɗin da ka zana da fenti a bangon ajinmu. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ka tuna ranar da na ce ai ya kamata hagu da dama su zo ɗaya? Bulala uku ka zuba mini a tafin hannu." Ya buɗe tafin yana dariya. "Tun daga ranar ban sake mantawa ba. 'Ya'yana duka na koya musu."

Ban tuna ba. Wannan ne ya fi damuna. Shi ya riƙe shekara hamsin, ni ko ranar ban tuna ba.

Ya ce dama don ni ya bar ta tana zuwa. 'Yan'uwansa sun yi ta surutu a kan 'ya mace tana zana jikin mutum a cikin samari, shi kuma yana ce musu barandar malaminsa ce. Yanzu ya hana. Daga makaranta sai shago. Ya karɓe gawayin da kwalayen ya kulle.

Ya ajiye mini shadda yadi biyar, ruwan toka. Ya ce in yafe mata.

Na ce, "Ba komai, Jamilu. Yara ne."

Abin da na ce ke nan. Yana zaune a kan hoton.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Ban taɓa shaddar ba. Tana kan tebur a ledarta.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Huɗu suka zo. Babu littafi, domin nata ne. Sun yi ta miƙa wa juna waya ɗaya mai fasasshen gilashi. Ba wanda ya ambaci sunanta, ba kuma wanda ya zauna a ƙarshen bencin da take zama, inda haske ya fi kyau.

Zamani ya kawo mini takardarsa. Ya zana ƙirji, ya bar wani babban rami a hagu kamar an cire haƙori. Ya ce, "Baba Ticha, na yi daidai ko? Abeg duba da kyau, kar jan biro ya kama ni." Meshak ya taka masa ƙafa. Na ce idona ba ya gani sosai yau.

Da sauran suka tafi Meshak ya tsaya yana tattara ɓawon fensir, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba Ticha, Khairat ta turo mini saƙo. Babanta ya hana ta." Na ce na ji. Ya ce, "Ita ce ta fi mu duka. Ita take gaya mana wane ƙashi ne ƙarƙashin wane nama. In babu ita, kwafa kawai muke yi." Na ce haka ne. Sannan ya ce, "Alhaji ba zai ji maganar kowa ba sai taka."

Na ce ƙirjina yana ciwo, ina so in kwanta. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Litinin, 15 ga Yuli, da hantsi

Na rubuta wa Jamilu wasiƙa. Shafi biyu. Na karanta, na ga ashe bayanin Malam Levi na yi, da yadda littattafai suke da wuya a zamaninmu, da yadda kowa ma haka ya sani. Babu inda na ce ni. Na hura wutar shayi da ita.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na sa riga, na ɗauki ambulan, na hau keke zuwa kasuwa. Da muka kai titin jirgi na ce wa mai keken ya tsaya. Na sayi yalo a wurin wata mata, ni da ba ni da haƙoran cinsa. Na dawo gida da ƙafa, ina hutawa a kowace inuwa.

In na faɗa, me zai rage? Fansho ba ya zuwa a kan lokaci, ƙafa ba ta kai ni nesa, abokaina suna maƙabarta. Abu ɗaya ya rage mini a garin nan: in na wuce, manya masu furfura suna miƙewa su ce Malam.

Alhamis, 18 ga Yuli, da yamma

Na bi ta tsohuwar makarantar bayan an tashi. Mai gadi ya san ni, ya buɗe mini aji shida. An shafe bangon da farar ƙasa ba sau ɗaya ba, amma damina ta jiƙa shi, ƙwarangwal ɗin ya fito ta ƙasa kamar ba ya son a manta da shi. Hannuna ne. Na gane yadda nake lanƙwasa ƙashin kafaɗa. Ina da hannu mai kyau a lokacin.

Goma sha ɗaya.

Yara arba'in a shekara, wani lokaci hamsin. Ban so in yi lissafin ba, kaina ya yi da kansa.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi

Biyu suka zo, Meshak da Zamani. Ba su ma buɗe jaka ba. Zamani bai yi dariya ko sau ɗaya ba, har na so ya yi.

Meshak ya miƙo mini wani abu a naɗe, an ɗaure da zaren yadi. Ya ce ya biya ta shagon Alhaji, Khairat ta ba shi ta bayan kantar shagon. "Ta ce a kawo maka. Wai tunda ka gyara, naka ne."

Sai da suka tafi na kwance. Na ɗauka layi ɗaya na ja. Layi biyar ne, da ƙarfi, har bakin biron ya huda kwalin ya yage gefen ƙashin baya. A ƙasa na rubuta mata "Sake yi" na ja layi biyu, kamar 'yar aji uku. Ta bi kowane haƙarƙari da yatsa ta yi masa inuwa. Ana ganin zanen yatsanta a gawayin.

Bari in rubuta maganar, tunda littafin nan ba ya da baki. Na ce mata, a gaban maza shida: "Ke da aka yi ki da ragowar ƙashi, ke za ki koya mini ƙirga?"

Da Larai tana da rai da ban kwana a gidan nan ba ranar.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ban je sujada ba. Bernice ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Laraba, 24 ga Yuli, da rana

An yi ruwa. Ban fita ba.

Asabar, 27 ga Yuli, ƙarfe shida

Na share baranda, na goge benci, na feƙe fensir bakwai. Na dafa shayi. An yi ruwa sosai daga ƙarfe biyu, ba mamaki shi ya hana su.

Ruwan ya ɗauke ƙarfe uku.

Litinin, 29 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Na ce wa mai keke kada ya tsaya ko na ce ya tsaya. Ya sauke ni a layin 'yan yadi. Jamilu yana auna wa wasu mata biyu atamfa. Ya saki almakashi ya fito da kujera. Ban zauna ba. Na miƙa masa ambulan, na ce ƙirjina ne, ya ɗaga ya ƙirga. Na ce abin da na koya masa kuskure ne, 'yarsa ce da gaskiya.

Ya juya hoton sama, ya juya ƙasa, ya yi murmushi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Na gane. So kake ka rufa wa yarinya asiri. Amma ni ban iya karanta wannan baƙin abin ba, kuma abin da ka sa mini a kai ba ya goguwa."

Mako uku ina tsoron ya raina ni. Ban taɓa tunanin zai ƙi yarda ba.

Na fara ɓalle maɓallai. Na cire riga, na cire singileti. Matan nan suka juya baya. Tun rasuwar Larai ba wanda ya ga jikin nan sai likita, ni kaina ba na duba madubi. Fata ce a kan ƙashi.

Ya ce, "Subhanallahi! Malam, a kasuwa muke fa!"

Na ce, "Ɗauko alli a wurin tela. Ka ƙirga da ƙarfi, yadda na koya maka."

Wataƙila tsohuwar muryar aji ce ta fito, domin ya tafi. Ya dawo da allin da Sambo tela a bayansa, da wasu mutum uku da ban sani ba. Ya fara daga sama a hagu, yana lalube da yatsa yana sa alama, yana zagayawa ta gefe har baya. Yatsansa sanyi. "Tara. Goma. Goma sha ɗaya." Ya laluba ƙasa, babu. Ya ɗago da murna, ya ce, "Ka gani, Malam! Sha ɗaya ne!"

Ubangiji ya gafarta mini, na ji daɗi. Na ɗan lokaci kaɗan na ji daɗi ƙwarai.

Na ce, "Ƙirga dama."

Ya ƙirga. Goma sha ɗaya. Ya sake. Goma sha ɗaya. Sai Sambo tela ya ce, "To fa! Baba, kai ashe mata biyu aka ƙera da kai." Layin ya ɗauki dariya, har matan da suka juya baya.

A lokacin na gan ta. Tana can ciki bayan tulin yadi, da tef ɗin awo a wuya. Tun shigowata tana nan. Ita ba ta yi dariya ba.

Na ce, "Khairat, zo ki nuna mana. Mun kasa."

Ta dubi mahaifinta. Ya ɗaga kai. Ta fito, ta zaro fensir daga jikin hijabinta, ta ɗora gindinsa a ƙasan ƙashin wuyana. Ta ce, "Abba, daga na biyu ka fara. Na farko yana nan, ya ɓuya a bayan wannan ƙashin, yatsa ba ya kai masa sosai. Ɗaya a nan, ɗaya a nan. Danna a hankali." Ya danna. Ta karɓi hoton, ta ɗaga shi daidai a bakin ƙofa, ta bi su da fensir biyu-biyu har ƙasa. Jamilu yana motsa baki yana binta.

Na ce, "Jamilu, bulala uku na yi maka a kan gaskiyarka. Ita kuma na yaga mata aikin mako uku, na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa 'yar mutum."

Ya ce, "Wace magana?"

Ashe ba ta gaya masa ba. Ta ce, "Abba, ba komai, ya wuce." Da na yi shiru da ya wuce ɗin. Na faɗa masa, kalma bayan kalma, Sambo tela yana ji.

Ban san yadda zan rubuta fuskarsa ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ɗauki rigata daga kan kantar shagon, ya riƙe mini na zura hannu, ya ɓalla mini maɓallan da kansa tun daga ƙasa har wuya. Ya tare mini keke. Ya ce, "Sauka lafiya, Malam." Bai ce za ta zo ba. Ban tambaya ba.

Allin yana jikina har yanzu.

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Na je sayen sabulu. Mai shagon ya gaishe ni yana danne dariya. Labari ya zaga. Na ce ya ba ni mai arha.

Juma'a, 2 ga Agusta, da rana

Na sa jan biro a akwatin ƙarfe, tare da katin asibiti. Na aika wa Meshak ko yana da ragowar farin fenti da baƙi, akwai wani bango a aji shida.

Asabar, 3 ga Agusta, ƙarfe shida da kwata

Meshak ya zo ƙarfe biyu, sai Zamani, sai uku a tare. Kowa yana kallon hanya yana yi kamar ba ya kallo. Uku saura kwata keke ya tsaya. Ta sauko da sabon kwali a hammata da littafin mai kauri.

Ta ce, "Sannu da gida, Baba." Na amsa. Ta zauna a ƙarshen benci, ta jera gawayinta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Abba ya ce ƙarfe biyar in kasance a gida. Don Allah a cire riga. Na littafi ba ya numfashi."

Zamani ya ce, "Baba Ticha, kasuwa ta gani kyauta, mu 'yan gida kuma fa?" Na ce ya rufe baki ya feƙe fensirinsa da kansa.

Awa biyu na zauna a kan kujera mara jingina, hannu ɗaya a kai. Kafaɗata ta yi tsami, sanyin damina yana shiga ta baya. Tana gaya musu inda za su duba: ga inda suke haɗuwa da ƙashin tsakiya, ga biyun ƙasa da ba su kama komai ba. "Baba, ja numfashi. Riƙe. Saki." Ina ja, ina riƙewa, ina saki.

Biyar saura ta juyo mini da kwalin. Ba ta gama ba, layuka ne kawai, babu inuwa tukuna. Ta ce, "A duba."

Hannuna ya tafi aljihu da kansa. Babu aljihu, babu riga. Na ƙirga da ƙarfi, ban taɓa takardar ba. Ashirin da huɗu. Na ce, "Daidai ne."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ta naɗe kwalin, ta ce sai Asabar.

Shayi bai yi saura ba. Zamani har ƙasan tukunya ya kankare.